Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Kakar Sababbin Waƙoƙi a Turai da Amurka

Duk mai bin waƙoƙin ƙasashen waje zai lura cewa daga Maris zuwa Mayu sababbin waƙoƙi kan yi ta kwararowa kamar ruwan Agusta. Ba dace ba ne, shiri ne. A Turai da Amurka, lokacin ne hunturu ke naɗe tabarmarsa, ƙanƙara ta narke, itatuwa su yi toho, yini ya ƙara tsawo. Wasu kan kira shi bazara, sai dai ba irin bazararmu ba ce mai zafin da ke sa a kwana a tsakar gida. Ya fi kama da farkon damina, sa'ad da ƙasa ke farfaɗowa. Mutanen da sanyi ya ƙunshe a ɗaki wata uku sai su fara fitowa, masu kasuwar waƙa kuwa sun daɗe da gina lissafinsu a kan wannan fitowar.

Me ya sa sai wannan lokaci?

Kaso mai tsoka na kuɗin mawaƙan yau daga wasa a gaban jama'a yake fitowa, kuma manyan bukukuwan kiɗa na fili sun fi yawa tsakanin Yuni da Agusta. Mawaƙi na so ranar da ya hau dandali ya tarar jama'a sun haddace amshinsa. Don haka sai ya saki waƙa da wuri, kamar manomin da ke shuka da ruwan farko. Mu ma mun san irin wannan lissafi: mawaƙanmu kan ajiye sabon aiki sai gab da Sallah, ko lokacin da bukukuwan aure suka kankama.

Akwai kuma tarukan da ke buɗe kakar. A watan Maris ake bikin South by Southwest a birnin Austin na jihar Texas, wanda aka fara a 1987. Can ne mawaƙan da ba su yi suna ba ke baje hajarsu gaban 'yan jarida da wakilan kamfanonin waƙa. A Afrilu sai Coachella, a hamadar California, bikin da ya faro a 1999, inda Burna Boy ya yi wasa a 2019. A watan ne kuma, tun 2008, ƙananan shagunan sayar da faifai ke da ranarsu, har a buga faifai na musamman da ba a samunsu sai a kantunan. Mayu kuma na gasar Eurovision ce, wadda aka fara a 1956. Ita ce ta fito da ƙungiyar ABBA ta Suwidin ga idon duniya a 1974.

Me ya sa ranar Juma'a?

A da kowace ƙasa da ranarta: Ingila Litinin, Amurka Talata. Da intanet ya yaɗu, kundin da ya fita a wata ƙasa sai masu satar fasaha su watsa shi kafin ya isa wata. Shi ya sa daga 10 ga Yulin 2015 masana'antar ta tsayar da Juma'a ta zama ranar sakin sababbin waƙoƙi a ƙasashe da dama. Mai neman sabon abu, safiyar Juma'a ce kasuwarsa.

Yaya manhaja ke sanin abin da za ku so?

Ba duba take yi ba. Spotify, wadda ta shigo Najeriya a 2021, kan haɗa wa kowane mai saurare jerin waƙoƙi 30 duk Litinin, da wani jerin na sababbin fitowa duk Juma'a. Tana lura da abin da kuka saurara har ƙarshe, da wanda kuka tsallake, da wanda kuka maimaita. Sannan ta nemo mutanen da kunnensu ya yi kama da naku, ta miƙo muku abin da suka ji ku ba ku ji ba. Audiomack da Boomplay, waɗanda matasanmu suka fi sabawa da su, su ma suna da nasu jerin na waƙoƙin da ke tashe.

Matsalar ita ce manhaja na auna gobenku da jiyanku. Wanda ya yi wata guda yana jin waƙar soyayya, ita za a yi ta ɗura masa. In kuna son fita daga wannan da'ira, sai kun yi da gangan: ku duba sunayen mawaƙan da aka rubuta da ƙananan haruffa a ƙasan sanarwar biki, ko ku bi wanda ya haɗa kiɗan waƙar da ta burge ku, ku ji sauran ayyukansa. Idan kuma waƙa ta kama ku a mota ko wurin biki ba ku san mai ita ba, manhajar Shazam kan saurari 'yan daƙiƙoƙi, ta gwada sautin da abin da ke rumbunta, ta faɗa muku sunan.

Wace hanya ce ta fi wajen tura wa aboki?

A wurinmu tura waƙa tsohuwar sana'a ce: daga kaset zuwa Bluetooth, zuwa masu kwamfuta a bakin kasuwa da ke cika wa mutane memori. Kada a raina wannan hanya. Ta ita ce kiɗan Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar mai jita, ya bi wayoyi ya ratsa Sahara, har wata waƙarsa ta shiga kundin da kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya tattara daga wayoyin mutane ya fitar a 2011. Bayan shekara goma, kundinsa Afrique Victime ya fito a watan Mayun 2021, a tsakiyar wannan kaka da muke magana.

Sai dai akwai abin lura. A wayoyi da yawa, waccan waƙar ta Mdou Moctar ta yi ta yawo ba sunan mai ita, sai da aka bi sawu kafin a gano shi. Waƙar da aka tura kai tsaye daga waya zuwa waya ba ta kawo wa mawaƙi ko sisi, ba ta kuma shiga lissafi. Idan kuwa linkinta kuka tura, duk wanda ya saurara a Spotify na daƙiƙa 30 an ƙirga, kuma da wannan ƙirgen ake raba kuɗi, da shi manhaja ke yanke wanda za ta tallata.

Ba kowa ke da data ba, kuma ba laifi ba ne a taimaki wanda ba shi da ita. Amma ko ta memori za ku tura, ku tabbata sunan mawaƙin na jikin waƙar, ku kuma gaya wa abokinku abin da ya ja ku a cikinta, ko kalangun ne ko wani baiti. Manhaja ba ta iya wannan ba. Waƙa ta iya tafiya da ƙafarta, sunan mai ita ne ke buƙatar a riƙe masa hannu.