Takalmin Birki da Lakar Fashaga

Duk wanda Allah ya nufa da ratsa Fashaga, ƙasar nan ta jihar Gadarif da ke shimfiɗe daga kogin Atbara da na Setit har iyakar Habasha, ya san cewa baƙar ƙasar da ke ba da riɗi da dawa, wadda Hausawa jikokin mahajjata ke cikin masu cin albarkarta a wannan jiha, ita ce kuma take cin mota. Idan damina ta kankama, daga Yuni zuwa Oktoba, sai ta zama laka mai danƙo, ta cusa kai bayan taya, ta bushe can tare da yashin rafi, har ta riƙa goge takalmin birki kamar yadda dutsen washi ke cin wuƙa, alhali direba bai sani ba.

Takalman gaba su suka fi shan wahala, domin duk sa'ad da aka taka birki nauyin mota gaba yake rinjaya. Sabon takalmi kaurin namansa ya kai milimita 10. In ya komo 3, canji ya wajaba. Akwai wani ɗan ƙarfe da ke kuka don gargaɗi, amma laka kan toshe masa baki, saboda haka shaidar ido ta fi ta kunne. A ganina, dubawa kafin yankan riɗi, lokacin da buhuna za su hau mota, ta kusa zama farilla, domin rayukan ma'aikatan da ke zaune a baya amana ce.

Aikin kansa ba shi da wuya, musamman a Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1984. Bayan an sami ƙasa mai tauri, an tare tayoyin baya da dutse, an ɗaga da jak kuma an tokare da abin da ba ya motsi, sai a cire taya, a wanke laka, a zare ƙusoshi biyu da ke riƙe da takalman, a tura fistin huɗu baya sannu a hankali ana lura kada man birki ya ambaliya, kana a zura sababbi. Farantin da takalman ke matsewa ma a shafa shi. In ya yi kwari-kwari, zai cinye sabon takalmi kafin kaka ta wuce. Lalle a canza dama da hagu tare, in ba haka ba mota ta riƙa fizga gefe guda.

Inda gafala ta fi yawa shi ne ƙarshe. Fistin da aka tura baya ba ya komowa da kansa, don haka takawar farko fanko ce, ƙafa ta tafi har ƙasa. Kafin mota ta motsa, sai direba ya yi ta taka birki yana saki, har ya ji ya yi tauri ƙarƙashin ƙafarsa, sa'an nan ya gwada shi a fili, nesa da gangaren kogi.