Zoben da Ke Tare Farfelar Mota

In ka taɓa tsayawa bakin Matan Fada a Argungu, ka ga yadda mai kwalekwale ke kafa gora a ƙasan ruwa, ya danna, jirgin ya yi gaba. Riƙe wannan hoton a ranka, za mu buƙace shi in mun leƙa ƙarƙashin mota.

Mota irin Hilux ko Hiace, injinta yana gaba, amma tayoyin baya ne ke tura ta. Abin da ke kai musu ƙarfin shi ne wani dogon bututun ƙarfe da makanikai ke kira farfela. Ta taso daga giyabos, ta ƙare a aksul na baya. A kowane bakinta akwai gaɓa da ake ce wa kuros, wadda ke lanƙwasawa kamar wuyan hannunka, don farfela ta ci gaba da juyawa ko mota na tsalle a gargada. Juyin kuwa ba na wasa ba ne. A giyar da farfela ke tafiya daidai da inji, in inji na juyi 3,000 a minti, ita ma sau 50 take juyawa a daƙiƙa ɗaya.

To, a ce kuros na gaba ya karye ana cikin gudu. Bakin farfela zai faɗi ƙasa yana kallon gaba, tayoyin baya kuma suna ci gaba da juya ta. In ta caki kwalta, ta zama gorar mai kwalekwale ke nan, sai dai nan babu ruwa mai taushi. Tana iya ɗaga bayan motar ta kifar da ita, ko ta yi ta dukan ƙasan motar har ta tsinke bututun burki. Motar tsere ta fi fuskantar wannan haɗari, domin tana shan gudu da gargada a lokaci guda.

Maganin abu ne mai sauƙi: zoben ƙarfe da zai kewaye farfela ba tare da ya taɓa ta ba. In ta karye, sai ta faɗa cikinsa maimakon ƙasa. Hukumar tseren motoci ta NHRA a Amurka ta ƙayyade awonsa: ƙarfe mai kaurin kwatan inci, faɗin inci 2, ya zagaye farfela gaba ɗaya, kuma kada ya wuce inci 6 daga kuros na gaba, wato kimanin santimita 15. Ka ga dalilin kusancin: bakin da zai caki ƙasa shi ake son tarewa.

Yanzu ga aikin. Fara da hawa da motar kan ramin gareji. In babu rami, ka ɗaga ta ka tokare da matokarai na ƙarfe, kada ka taɓa shiga ƙarƙashi jak kaɗai na riƙe da ita. Kama farfela ka girgiza. In ka ji tana ƙwas-ƙwas, kuros ya ci, canza shi tukuna.

Daga nan sai awo. Ƙirga daga kuros na gaba, ka sa alama da alli. Yawancin zobban gida biyu ne, na sama da na ƙasa, saboda haka ba sai ka kwance farfela ba. Haɗa su kewaye da ita, ka ɗaura notuna sama-sama, ka riƙe zoben a wurin alamar, sannan ka zana inda ƙafafunsa suka zauna.

Kafin ka huda, ɗaga shimfiɗar cikin motar ka duba, kada ka fasa waya ko bututun mai. In ƙafafun sun samu shasi, madalla. In kuwa farantin ƙasan motar ne, ka sa faffaɗan ƙarfe ta ciki ya tallafi notin. Ka tuna maɓallin riga: in yadin ba shi da ƙwari, da zarar an fizga sai ya yage.

Saura mataki mafi muhimmanci, wato rata. Farfela ba ta zama wuri ɗaya, tana hawa da sauka tare da tayoyin baya. Ka bar mata fili ta kowane gefe, ka duba motar tana ɗage, ka sake dubawa tana ƙasa da kaya a ciki. Ka tabbata kuma zoben bai jingina da salansa ba. Sai ka ɗaure notuna tamau.

A ƙarshe ka fita gwaji a hankali, tagogi a buɗe, kana saurare. In ka ji ƙarar guga, koma ka gyara. In kuwa ka yi tafiya daga Birnin Kebbi har Argungu ba ka ji motsin zoben ba, ka duba ba ka ga ƙarzuwa a jikin farfela ba, to zoben ya zauna daidai. Sai ka ci gaba da sa wa kuros giris a kan kari, in irin mai shan giris ne, don zoben ya tsufa a wurinsa farfela ba ta taɓa faɗa masa ba.