Takardar Kira Ta Zo: Kada Mu Yi Guɗa Tukuna

A yawancin ƙungiyoyinmu na manoma akwai gidajen da ke da ɗa ko ƙane a ƙasar waje. Waɗansu suna Amurka, kuma abin da suke aikowa shi ne kuɗin taki, kuɗin makaranta, da na 'yan ƙwadago lokacin noman fari. Amma ba dukansu ke da izinin zama ba. Wani ya shiga da bizar ziyara, kwanakinsa suka ƙare, ya yi zamansa. Wani kuwa ta iyakar Meziko ya ratsa. Idan irin wannan ya auri 'yar ƙasar, ta nema masa katin zama, wata rana za a aiko masa da takardar kira zuwa ganawa. Mu a gida sai mu ɗauka magana ta ƙare. To, da sauran rina a kaba. Ƙofar ofishin nan takan kai wani ga katin zama, takan kai wani gidan tsaro.

Mece ce wannan ganawa?

Tun shekarar 2003 aka raba aikin shige da fice na Amurka. Hukumar USCIS ita ke duba takardu, hukumar ICE kuwa ita ke kamu da kora. Amma duka biyu ƙarƙashin ma'aikata guda suke. Ɗan ƙasa yakan cika takarda mai lamba I-130 don shaida cewa wane mijinta ne, ko ubansa, ko ɗansa. Ranar ganawa akan rantsar da su, a yi musu tambayoyi. In jami'i bai gamsu ba, yakan raba miji da mata, ya yi wa kowa tambaya iri ɗaya, ya gwada amsoshin. Amincewa da wannan takarda ba izinin zama ba ne. Dangantaka kawai ta tabbatar.

Ta wace ƙofa ya shiga?

Wannan ita ce tambaya ta fari. Wanda ya shiga da biza, aka buga masa hatimi, ko da ya wuce kwanakinsa doka ta ba shi hanyar gyara zamansa yana cikin ƙasar, in dai shi miji ne ko matar ɗan ƙasa, ko ɗansa mara aure da bai kai shekara 21 ba, ko mahaifin ɗan ƙasa da ya cika 21. Wa da ƙane ba sa cikin wannan rangwame, kuma layinsu yakan wuce shekara 10.

Wanda ya ratsa iyaka ba hatimi, galibi sai ya fita ya nemi biza a ofishin jakadanci. Nan tarkon yake. Dokar 1996 ta ce wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180, in ya fita ba zai koma ba sai bayan shekara 3. In zaman ya kai shekara guda, sai bayan shekara 10. Tun 2013 akwai takardar neman afuwa kafin fita, mai lamba I-601A, amma sai an nuna cewa rabuwar za ta jefa mata ko iyaye masu izini cikin matsananciyar wahala. Ga kuma ƙofar da kan rufe: a 2020 an hana 'yan Nijeriya bizar zama, aka ɗage a 2021, sa'an nan a Disamba 2025 aka sa Nijeriya da Nijar cikin ƙasashen da aka taƙaita wa shiga.

Tsohon hukunci ba ya ruɓewa

Mafi hatsari shi ne wanda kotu ta taɓa yanke wa hukuncin kora. Waɗansu ba su ma sani ba, don sammaci ya je tsohon gidan da suka bari, alƙali ya yanke a bayan idonsu. A Janairu 2018 wata mata 'yar Gwatamala, wadda aka kawo Amurka tana shekara 3, ta je ganawa tare da mijinta ɗan ƙasa. Jami'i ya yarda aurensu na gaskiya ne. Nan take ma'aikatan ICE suka kama ta saboda tsohon hukunci, ta yi kusan wata guda a tsare, 'ya'yanta biyu suna gida. A 2025 kuma USCIS ta sanar cewa wanda aka ƙi takardarsa, in ba shi da izinin zama, ana iya miƙa shi kotun kora. A ƙarshen shekarar an kama mutane a wurin ganawa waɗanda laifinsu wuce kwanakin biza ne kaɗai.

Takardun da muke aikawa daga gida

Nan namu hannun yake shiga. Mu ake aikowa mu nemo takardar haihuwa, ta aure, ko ta saki. Wani zai ce, “Ku rage mini shekara biyu,” ko “Ku samo mini takardar saki, ai ba wanda zai sani,” alhali matarsa tana ɗakinta, tana noma gonarsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Jami'in yana riƙe da abin da mutum ya rubuta tun ranar da ya nemi biza. In can ya ce yana da mata da 'ya'ya uku, yau ya ce bai taɓa aure ba, ya kama kansa. Dokar Amurka ba ta karɓar aure na biyu muddin na fari yana nan. Auren haya don samun kati kuwa, tun 1986 hukuncinsa yana iya kai ɗaurin shekara 5 da tarar dala 250,000, kuma ba za a ƙara amincewa da wata takardar dangi dominsa ba har abada. Takarda guda ta jabu da muka saya a bakin sakatariya tana iya rushe wahalar shekara goma.

Abin da ya kamata mu yi

Na ɗaya, kada mu matsa masa da cewa ɗan gidan wane ya samu. Ba ƙasa ɗaya ke gonar kowa ba.

Na biyu, mu ƙarfafa shi ya ga lauyan shige da fice na gaske tun kafin ya cika takarda, ba bayan kira ya zo ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Lauya zai bincika ko akwai tsohon hukunci, kuma yana da izinin raka shi ciki. Akwai ƙungiyoyin taimako, har da na ikkilisiyoyi, da gwamnati ta yarda su yi wannan aiki da araha. Ƙin zuwa ganawa ma ba dabara ba ce, don akan soke takardar.

Na uku, mu aika takardun gaskiya kaɗai. In ba mu da wata, mu ce ba mu da ita.

Na huɗu, kada mu jinginar da gona ko mu sayar da shanun huɗa don wani dillali ya ce ya san hanya.

Na biyar, mu roƙe shi ya ba wani amintacce lambar fayil ɗinsa, wadda ke farawa da harafin A. Da ita ake neman mutum in an tsare shi.

Daga ƙarshe, kowane gida ya tambayi kansa: in aike ya tsaya wata shida, me za mu ci, da me za mu sayi taki? Mu kawo wannan magana a taron ƙungiya na gaba, tun rumbu yana da hatsi.