Madubin Hubble da Lissafin da Ya Rufa Masa Asiri

Ranar 24 ga Afrilu 1990 kumbon Discovery ya tashi da na'urar hangen taurari ta Hubble zuwa sararin samaniya. Bayan wata biyu, hukumar NASA ta Amurka ta fito ta faɗi abin kunya: hotunan da na'urar ke aikowa dishi-dishi suke.

Laifin na madubi ne, mai faɗin mita 2.4. An goge gefensa ya wuce ƙima da kusan kashi 1 cikin 50 na kaurin silin gashi. Ma'aunin da magoga suka dogara da shi ne ya yaudare su, domin wani gilashi a cikinsa ya goce da milimita 1.3. Haka suka yi ta goge kuskure cikin tsanaki da ƙwarewa.

To, wannan tsanakin shi ya ceci NASA. Tunda karkatar madubin iri ɗaya ce ta kowane gefe, ana iya auna ta. Tauraro ɗigon haske ne kawai saboda nisansa, don haka duk hazon da ya kewaye shi a hoto aikin madubi ne. Matar da ke sheƙar gero a Sabon Birni, in ta san inda iska ta dosa da ƙarfinta, ta san inda za ta share ta maido hatsinta tsibi guda. Kusan haka kwamfuta ta riƙa yi. Sai ta yi hasashen hoton asali, ta dusashe shi daidai yadda madubin ke yi, ta gwada da wanda ya iso, ta gyara hasashen, ta sake, sau da dama. Dabarar ma tsohuwa ce: William Richardson ya wallafa ta a 1972, Leon Lucy kuma a 1974, ba tare da sun haɗa kai ba.

Taurari masu haske da duniyoyi irin su Zuhal sun fito tas. Masu rauni kuwa, waɗanda dominsu aka kashe dukiyar, lissafi ya gaza a kansu, don in aka matsa masa sai ya mai da ƙurar hoto abu mai kama da tauraro.

Da hakan aka lallaɓa shekara uku da rabi. A Disamba 1993 'yan sama-jannati bakwai suka tafi a kumbon Endeavour, suka fita waje sau biyar, suka sanya wa Hubble ƙananan madubai masu karkata kishiyar tasa. Babban madubin dai ba a taɓa shi ba, yana can da kuskurensa har yau.