Nukkai: Inda Tsadar Haya Ke Tura Talaka Bakin Kogi

Duk sa'ad da aka yi zancen ƙarancin muhalli a Najeriya, Legas ake tunowa: masu kwana a ƙarƙashin gada, da Makoko da ke kan ruwa, da Otodo Gbame da aka rushe tsakanin 2016 da 2017. Jalingo, babban birnin jihar Taraba, ba ta da teku, kuma ba kasafai ake ganin magidanci da iyalinsa a gefen titi ba. Wannan ya sa wasu ke ɗauka lafiya lau ake. Amma rashin gida a nan ɓoye kansa yake yi, a ɗaki guda da mutum bakwai ke kwana, a zauren ɗan'uwa, a rumfar kasuwa bayan an tashi, sai kuma a bakin kogi.

Kafin 27 ga Agusta 1991, ranar da gwamnatin Janar Babangida ta yanko Taraba daga tsohuwar Gongola, Jalingo hedikwatar ƙaramar hukuma ce kuma mazaunin Sarkin Muri. Dare ɗaya ta zama babban birnin jiha, ma'aikata suka kwararo daga Yola. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum wajen dubu 140, kuma tun daga nan baƙi ba su yanke ba. Jami'ar jihar da aka kafa a 2008 ta kawo ɗalibai masu neman ɗaki. Rikicin Wukari na 2013 da 2014, da faɗuwar Mubi a hannun Boko Haram a 2014, da tashe-tashen hankula a Lau da yankin Kona, duk sun koro jama'a zuwa birni. Da yawansu sun zo da niyyar kwana biyu, ga shi har yau suna nan.

Mai neman ciki da falo ya san abin da ke jiransa: kuɗin shekara a dunƙule, ga la'adar dillali. Mai gidan haya shi ma da hujjarsa, domin bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 yashi da bulo da kwano duk sun tashi, buhun siminti ya haura naira dubu 10 a farkon 2024. To ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na dubu 70, ina zai sa kansa?

Sai ya nemi fuloti mai araha, kuma mafi araha shi ne wanda ruwa ke ci. Kogin Lamurde da Mayo Gwoi sun ratsa garin, kuma gaɓarsu, wadda da can fadama ce ta masu lambu, yanzu gidaje ne. Da rani yashi kawai za ka gani, har yara na ƙwallo a kai. Da damina kuwa ruwan da ya sauko daga duwatsu yakan iso cikin gaggawa, ya tarar an toshe masa hanya da katanga da shara. Mutanen unguwar Nukkai, da ke bakin kogi, ba sa buƙatar a ba su labari. A watan Agustan 2005 ambaliya ta karya gadar Nukkai, ta kan hanyar Wukari, ta tafi da mutane da dama da ke tsaye a kanta.

Kusan kowace shekara hukuma kan yi shelar a tashi daga bakin kogi. A tashi a koma ina? Ba a cika jin amsar wannan ba. Rukunin gidajen da gwamnatoci ke ginawa, ko an kammala su, ba su wuce cikin cokali ba, kuma masu albashi mai kauri ke samu. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ke cirar kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, bai san da zaman mai tura ruwa ko mai sayar da doya ba.

A ganina ba ginannen gida talakan Jalingo ke nema daga gwamnati ba. Ya saba gina nasa da kansa, bana ɗaki ɗaya, baɗi wani. Abin da ya fi ƙarfinsa shi ne fili a kan tudu, mai hanya da magudanar ruwa da takardar da ba za a wayi gari an ce ta bogi ce ba. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka ikon yanka irin waɗannan fulotai a wajen Mile Six ko hanyar Kona, a sayar da su biya kaɗan-kaɗan, yana nan cikin Jalingo, ba sai an jira Abuja ba.