Ƙara wa babur ƙarfi a Zangon Kwatano: Riba ce ko asara?

Duk wanda ya ratsa unguwar Zango ta birnin Kwatano da hantsi zai ji ƙarar babura daga rumfunan makanikai tun kafin ya hango su. Wasu na 'yan zemijan ne, wato 'yan acaɓa masu riga ruwan ɗorawa, wasu kuma na 'yan kasuwarmu ne da ke jigilar kaya zuwa iyakar Seme. Burin kowa ɗaya ne: babur ya ja kaya, ya kuma yi gudu. Shi ya sa a shirinmu na rediyo ake yawan tambaya game da wata 'yar na'ura da matasa ke gani a waya, wadda ake cewa tana ƙara wa inji ƙarfi nan take.

Na'urar dai gaskiya ce. Kamfanin Dynojet na Amurka yana yin irinta mai suna Power Commander. Ana haɗa ta ne tsakanin kwamfutar babur da allurar da ke fesa mai cikin inji, sai ta sauya yawan man da ake fesawa. To amma akasarin baburan da ke yawo a Kwatano, irin su Bajaj Boxer da Haojue, kafireta gare su, ba su da wannan allura. Ke nan wanda ya sayo na'urar domin irin wannan babur ya zubar da kuɗinsa, domin babu ma inda za a jona ta.

Abin da makanikan Zango ke yi a madadinta iri huɗu ne: su sa wa kafireta jet mai faɗin rami, su rarake silinda su sa babban fistin, su huda salansa ko su sa mai ƙara, sannan su canza CDI domin inji ya ƙara juyi. Kowanne yana da kuɗin da ake biya daga baya. Inji yana ƙone fetur sarai ne idan ya samu iska kashi 14.7 a kan mai kashi ɗaya bisa nauyi. Jet ya yi girma, mai ya rinjayi iska, fulogi ya yi baƙi, fetur ya riƙa fita ta salansa ba tare da ya yi aiki ba. Idan kuwa aka huda salansa aka bar jet yadda yake, iska ce ke rinjaya, inji ya ɗau zafi har ya cinye fistin.

A da, wannan ɓarna ba ta cika damun kowa ba, saboda arhar kpayo, wato fetur ɗin Nijeriya da 'yan bumburutu ke sayarwa a kwalabe a bakin titi. Idan mai karatu bai manta ba, ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, cikin 'yan kwanaki farashin kpayo ya kusa ninkawa a Kwatano, jama'a suka koma layi a gidajen mai. Tun daga lokacin lissafi ya sauya. Babur ɗin da aka sa ya ƙara shan rabin lita kullum zai sha lita 15 ta banza a wata, lita 180 a shekara. Mai karatu ya buga wannan da farashin lita a garinsu ya ga ko gudun ya biya.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Na sa aka rarake mini silinda, na yi sati biyu ina jin daɗin wuce tsara a hanyar Porto-Novo. Kafin damina ta fita babur ya fara hayaƙi yana shan baƙin mai, daga ƙarshe sai da na sayi sabuwar silinda da fistin da ringi.

Ga mai ɗaukar kaya, gyaran da ya fi amfani yana wajen sarƙa. A misali, babur mai haƙora 14 a gaba da 42 a baya, idan aka mayar da na bayan 45, ƙarfin jansa zai ƙaru da kusan kashi 7 cikin ɗari, gudunsa ya ragu da kusan haka, ba tare da an taɓa cikin inji ba. Daga nan sai wanke matatar iska, saita bawul, canza fulogi da baƙin mai a kan lokaci, da tace kpayo da tsumma mai tsabta kafin ya shiga tanki, domin datti da ruwa ne ke toshe kafireta. Sau da yawa babur ɗin da ake cewa ba shi da ƙarfi, kulawa ce ya rasa.

Babban abin lura shi ne birki. Kamfani ya auna birki da taya ne daidai da ƙarfin injin da ya ƙera. An ƙara gudu, an ɗora buhu biyu, birki yana nan yadda yake, to tsayawa ce za ta gagara ranar da yaro ya ƙetare titi. Tun ranar 1 ga Maris 2024 'yan sandan Benin suka tsaurara dokar hular kwano ga direba da fasinja, amma hula kai kawai take karewa.

Saboda haka, 'yan'uwa na Seme da Igolo da Malanville, kafin ku ba makanike izinin buɗe inji, ku tambaye shi abu uku: man da babur zai ƙara sha, tsawon lokacin da fistin zai yi, da ko birki zai iya tsayar da shi da kaya a kai. In ya kasa amsawa, a gyara sarƙa da birki a kama hanya. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a nema.