Haƙori a Bayan Katanga: Kula da Bakin Masu Taɓin Hankali a Asibitocin Tsaro na Ingila

Ingila tana da asibitoci uku masu tsananin tsaro da ake kwantar da masu taɓin hankalin da ake fargabar za su iya cutar da wasu. Akwai Broadmoor da aka buɗe a 1863, da Rampton da ya fara aiki a 1912, sai Ashworth da ke kusa da Liverpool. Ƙasa da su akwai sassa masu matsakaicin tsaro da masu sassaucin tsaro, warwatse a faɗin ƙasar. Akasarin mutanen da ke ciki an tsare su ne bisa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983, kuma da yawansu sukan shafe shekaru. Wanda ciwon haƙori ya hana shi barci a irin wannan wuri ba shi da ikon saka takalmi ya nufi wurin likita. Saboda haka nauyin bakinsa kacokan yana wuyan asibitin da ya kulle masa ƙofa.

Nauyin ba ƙarami ba ne. A 2011, Farfesa Steve Kisely na ƙasar Ostareliya da abokan aikinsa suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban, suka gano cewa yiwuwar mai tsananin taɓin hankali ya rasa haƙoransa gaba ɗaya ta ninka ta sauran jama'a fiye da sau uku.

Wani ɓangare na laifin yana kan magungunan da ke kwantar da taɓin hankalin. Da yawansu suna busar da baki, alhali yawu ne ke wanke ragowar abinci, yana kuma kashe kaifin tsamin da ke cin haƙori. Mai busasshen baki sai ya koma wa lemon kwalba da alewa da shayi mai sukari don ya jiƙa maƙogwaro, ruɓewa ta samu wurin zama. Maganin kulozafin kuwa, wanda ake ba waɗanda sauran magunguna suka gagara, yana sa dalalar yawu, yana kuma iya rage fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, ta yadda ƙaramin ƙurji a dasashi zai iya zama babban lamari. Wasu tsofaffin magungunan suna jawo motsin leɓe da harshe ba da son mutum ba, har haƙoran roba su ƙi zama. Ga kuma taba, wadda aka hana sha a cikin ginin irin waɗannan asibitoci tun 2008, amma ɓarnar da ta riga ta yi wa dasashi tana nan.

Matakan tsaron ma suna da tasu illar. Ana iya fiƙe ƙotar buroshi ta zama makami, don haka wasu sassan sukan ba da mai gajeriyar ƙota, ko su ajiye shi a hannun ma'aikata sai lokacin wanke baki. Zaren sakace ana iya ƙuntata shi saboda masu yunƙurin halaka kansu, ruwan kurkure baki mai barasa kuma ba ya shiga. Duk dalilai ne masu ƙarfi, sai dai idan ba a tanadi madadinsu ba, haƙori ne ke biyan kuɗin.

Ma'aunin da hukumar lafiya ta ƙasar take bi shi ne kada kulawar da tsararre zai samu ta gaza wadda zai samu da yana waje. A aikace, ana so a duba bakin majiyyaci tun farkon kwantar da shi, a shigar da tsaftar baki cikin tsarin jinyarsa, a kuma tanadi hanyar ganin likita cikin gaggawa idan fuska ta kumbura. Mai busasshen baki ana iya rubuta masa man goge baki mai sinadarin fuloraid ninki uku ko fiye na wanda ake saya a kanti, a koya masa ya tofar kawai bayan gogewa, kada ya kuskure da ruwa.

A ɗakin likitan haƙori ƙa'ida iri biyu ce ke aiki. Ta farko ita ce ta kowane asibitin haƙori a ƙasar: a wanke kayan aiki, a dafa su da tururi mai zafin digiri 134 na aƙalla minti uku, kamar yadda jagorar ma'aikatar lafiya ta 2009 ta tsara. Ta biyu ta gidan tsaro ce: a ƙirga kowace allura da kowane ƙarfe kafin majiyyaci ya shigo, a sake ƙirgawa kafin ya fita, ma'aikatan jinya suna kusa. Dole kuma likitan ya san magungunan da mutumin ke sha. Ibufurofen da ake ba kowa don zogin haƙori yana iya tara maganin litiyam a jinin majiyyacin da ke shan litiyam ɗin har ya zama guba.

Akwai batun amincewa, inda mutane da dama ke kuskure. Dokar 1983 ta ba likitoci damar yi wa tsararre maganin taɓin hankali ko bai yarda ba, amma damar ba ta kai ga cire masa haƙori ba. Sai an nemi yardarsa. Idan kuma ba ya cikin halin da zai iya yanke shawara, wata dokar ta 2005 ce ke tsara yadda za a auna abin da ya fi masa alheri.

Hukumar CQC, wadda ke sa ido kan ingancin asibitoci tun 2009, tana shiga waɗannan wurare, ita ce kuma ke yi wa ɗakunan likitocin haƙori rajista.

A gida Najeriya ma batun bai yi nisa ba, domin irin magungunan nan masu busar da baki ana rubuta su a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa da Kware da Maiduguri. Iyalin da ke jinyar mai shan su suna iya rage ɓarnar ta hanyar ba shi ruwa maimakon lemo, da tsayawa a kan asuwaki ko buroshi safe da dare, da nuna wa likitan haƙori katin magungunansa kafin a rubuta masa wani sabo.